Kafin Ku Ce Wa Injiniya Ya Ɗora Sabuwa

Ya ku 'ya'yana da ƙannena mazauna ƙetaren kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa har Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, maza da mata, masu karatu da masu neman abinci da kwamfuta: ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, watau babbar manhajar da galibin kwamfutocinku suke tafiya a kanta, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Da gari ya waye ranar 15 ga wata, babu kwamfutar da ta ƙi tashi, babu firintar da ta daina buga takarda, kuma wannan shirun da ya biyo baya shi ne ya raba ku gida biyu: wasu suka ce ashe dai barazana ce ta 'yan kasuwa, suka ci gaba da harkokinsu kamar ba a yi komai ba, wasu kuwa suka ruga shagon injiniya da filash a hannu, suna cewa a ɗora musu Windows 11 yau ɗin nan, ko ana ha maza ha mata. Da kowane ɓangare ina da magana, amma wadda zan yi da masu gaggawa ta fi tsawo, domin hasararsu ta fi kusa.

Masu cewa babu abin da ya faru, ku fahimci abin da janye hannu yake nufi. Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin ƙarfen na'ura da duk wani aiki da kuke yi a kanta, kuma da yake 'yan Adam ne suka rubuta ta, ba ta rabuwa da kafofi waɗanda ɓarayin intanet suke ta lalube dare da rana. Muddin kamfani yana kula da ita, duk wata yakan aiko da abin toshe kafar da aka gano, amma daga ranar da ya daina, kowace kafa aka gano a buɗe za ta zauna. An ga aƙibar sakaci da wannan a ranar 12 ga Mayu 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, tana kulle wa mutane takardunsu tana neman fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kuwa tun watan Maris na shekarar an riga an fitar da maganin kafar, mutane ne ba su ɗora ba. Wanda yake shiga asusun bankinsa, ko yake cika wa jama'a takardun neman aiki da na makaranta, a kan na'urar da ba mai kula da ita, ba tawakkali yake yi ba, ganganci yake yi da dukiyarsa da ta mutane.

Ku kuwa 'yan Kakuri ba ku bukatar a yi muku dogon wa'azi a kan abin da ke samun injin da aka bari ya tsufa. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL da Arewa Textiles da suka biyo bayanta a shekarun 1960, sun ciyar da dubban gidaje, kakannin wasunku ma dominsu suka baro garuruwansu suka zo nan. Kuma ko da yake rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa suna da kaso babba a cikin durƙushewarsu, har KTL ta rufe ƙofa a 2002, tsofaffin ma'aikata za su gaya muku cewa injunan da ba a sabunta su a kan kari ba su ma sun taimaka. Saboda haka ba ni cikin masu cewa a zauna a kan tsohuwa har abada.

To, amma sabuntawa tana da sharuɗɗa, kuma na farkonsu shi ne istiɗa'a, watau na'urar ta kasance tana da ikon ɗauka. Mu faɗi gaskiya, kwamfutocin da ke hannunmu galibi 'yan Beljiyam ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, suka bi ta Legas suka iso mana. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta gindaya cewa sai na'ura tana da RAM aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sa'an nan ƙwaƙwalwarta, in ta kamfanin Intel ce, ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, watau waɗanda suka fara fitowa a 2017. A nan ne ake yi wa da yawanku sakiyar da ba ruwa. Mai shago zai nuna maka tambarin da ke jikin na'ura ya ce, ai Core i7 ce, ranka ya daɗe, babu kamarta. Kai kuwa ka biya kana murna, ba ka san cewa i7 ta zubi na huɗu ba ta cika sharaɗi ba, alhali ƙaramar i3 ta zubi na takwas ta cika. Ku koyi karanta lambar da ke bin sunan: in kun ga i5-6300U, wannan 6 ta farko ita ce zubin, in kun ga i5-8250U, ta takwas ce. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika shaguna saboda ƙarkonta, ta zubi na shida ce, G5 ita ce ta takwas. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna PC Health Check wadda za ta gaya muku matsayin na'urarku cikin ɗan lokaci kaɗan. Wani sa'in ma TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi a cikin saitin BIOS, sai dai akan tarar ofishin da ya mallaki na'urar da farko ya kulle saitin da kalmar sirri, wadda ba wanda ya san ta a duk faɗin Nijeriya. Wannan abin dubawa ne tun a shago, kafin kuɗi su bar aljihu.

Na san za ku ce akwai dabara, kuma lalle akwai ta: da manhajar Rufus injiniya yana iya shirya filash wadda za ta tsallake waɗannan sharuɗɗa, ta ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, ta kuma tashi tana sheƙi. Ban ce haramun ne ba. Amma Microsoft ta bayyana cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da alkawarin samun gyare-gyaren da ake aikowa, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwar mata da kansa, sai an sake komawa wurin injiniya. In na'urar wasa ce da kallon fim, ku yi abin da kuka ga dama da ita. In kuwa ita ce jarin shago, ko a cikinta kundin kammala karatunku yake, a ganina makaruhi ne mai kusa da hani.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Windows, ko wace iri ce, in ta lalace ana sake ɗora ta cikin awa ɗaya ko biyu, domin kwafinta yana ko'ina a duniya. Amma zanen ginin da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, reshen Barnawa, ya kwana yana ja wata da watanni, da lissafin adashen matan unguwa, da rajistar 'yan makarantar Islamiyya ko ta ƙungiyar mawaƙan coci, da hotunan bikin da aka yi aka gama, da muryar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, waɗannan babu kwafinsu a wurin kowa sai a cikin wannan na'ura ɗaya. Abin mamaki, sai ka ga saurayi ya yi awa guda yana ciniki a kan kuɗin ɗora manhaja, amma bai yi minti ɗaya yana tambayar ina takardunsa za su kwana ba.

Ku sani hanya biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba ko kusa. Akwai ɗaga darajar manhaja a inda take, inda sabuwa take hawa kan tsohuwa ta bar takardu da sauran manhajoji a mazauninsu. Akwai kuma abin da kuke kira fomatin, wanda yake share ɓangaren ajiya tas kafin ya ɗora sabuwa. Injiniyoyi da yawa sun fi son ta biyun, saboda ta fi sauri kuma ta fi fita da tsabta, ga layin masu jira. In ka ce masa ɗora mini sabuwa, ba ka ƙara komai ba, shi fomatin ya ji. Yakan tambaya a gurguje, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki? Kai kuma, da yake hankalinka yana kan sabuwa, sai ka ce ba komai, sai an kwana biyu ka tuna da abin da ke kan fuskar allo da cikin jakar saukakkun abubuwa, waɗanda duk a ɓangaren C suke zaune, shi ne kuwa ɓangaren da ake sharewa. Ajiye kaya a ɓangaren D ya fi, amma shi ma ba tudun mun tsira ba ne, domin faifai ɗaya ne aka tsaga biyu, kuma kuskuren danna layi ɗaya a lokacin ɗorawa ya isa ya tafi da duka.

Kada kuma ku ɗauka hanya ta farko ba ta da haɗari. A watan Oktoba 2018 Microsoft da kanta ta fitar da wani sabuntawa na Windows 10 wanda ya goge wa wasu mutane takardunsu, har ta dakatar da rarraba shi bayan 'yan kwanaki. In masu abin sun yi tuntuɓe irin wannan, ina ga yaron da ya koyi aikin bara? Saboda haka wajibi ne, ba mustahabbi ba, ku kwafe duk abin da ba ku iya jure rashinsa zuwa wani wuri dabam da jikin na'urar, faifan waje ko filash, kuma mafi muhimmanci daga ciki, kamar kundin karatu da takardun shaida, ku ƙara aika shi ma'ajiyar intanet ko imel ɗinku. Sa'an nan ku soka faifan a wata kwamfutar ku buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya ku gani da idonku, domin kasuwa cike take da filash na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rubu'in haka ba, yana karɓar kaya yana nuna sunayensu, ranar bukata a tarar ba komai. Ku kuma rubuta kalmomin sirrin da burauza ta daɗe tana riƙe muku har kuka manta su, tun ba na imel ba, wanda duk sauran asusu a wuyansa suke rataye.

Akwai wani tarko sabo wanda iyayenku ba su san shi ba. Windows 11 tana matsa wa mai ɗora ta ya shiga da asusun Microsoft, kuma a kan na'urori da yawa takan kulle faifan ajiya da kanta da tsarin BitLocker, ta aika mabuɗin, mai lamba 48, cikin wancan asusun. Injiniya mai sauri sai ya sa nasa imel, ko ya ƙirƙiro wani nan take wanda shi kansa ba zai tuna ba gobe. Watanni su shuɗe lafiya, ran nan a taɓa saitin BIOS ko a canza wani ƙarfe a ciki, sai shuɗin allo ya fito yana neman lamba 48. In babu ita, babu gwanin da zai fito maka da takardunka, ko a Kaduna ko a Legas. Ku tsaya a kan injiniya a sa naku asusun, ku shiga ku kwafi lambar a takarda, ku ajiye ta inda kuke ajiye takardar haihuwa.

Ku masu shagon buga takardu da kafe, nauyinku ya ninka, domin abin da ke cikin na'urarku amanar jama'a ce. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ga rajistar lambar ɗan ƙasa, ga neman aiki ta intanet, babu gidan da bai bar hoton fasfo ko sakamakon jarrabawa ko lambar waya a wani shago ba. Amana kuwa fuska biyu gare ta, kada ta ɓace, kada kuma ta faɗa hannun da ba nata ba. Wanda ya kai na'ura gyara ya tafi ya bar ta kwana uku da asirin mutane a buɗe, ko ya sayar da tsohuwa ba tare da ya share ta sharewa ta haƙiƙa ba, ya ci amana ko da bai yi nufi ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan da za ta iya hawa kansa. 'Yan mata musamman, ku kwashe hotunanku kafin ku miƙa na'ura ga kowa, kome kirkinsa.

Sai maganar wuta, wadda masu rubuta littafin umarni a Amurka ba su sa ta a lissafi ba. Ɗora babbar manhaja kamar sauya rufin ɗaki ne da kaya a ciki: akwai lokacin da an kware tsohon kwano, sabo bai hau ba, kuma mai hankali ba ya fara wannan aiki yana ganin hadari ya haɗo daga gabas. In wuta ta ɗauke a daidai wannan tsakani, ga batirin 'yar Beljiyam wanda ba ya riƙe minti ashirin, sai na'ura ta rasa tsohuwa ta rasa sabuwa, ta yi ta kunna kanta tana kashewa. Ba ku manta da Oktoban 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna. Kada ku fara sai a inda akwai sola da inbata, ko janareto da isasshen mai, kuma da safe, ranar da ba ku da aikin gaggawa. Wanda ya fara daren jajibirin miƙa kundinsa, shi ya jawo wa kansa. In allo ya tsaya a kan lamba ɗaya ya daɗe, ku yi haƙuri ku bar shi, domin a tsohon faifai mai juyawa aikin yakan ci awoyi, kuma yawancin na'urorin da suka mutu a hanya yatsan mai su ne ya danne maɓallin kashewa. Data ma abar lissafi ce: manhajar kaɗai ta haura gigabait 5, ban da gyare-gyaren da za su biyo baya, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Mutum ɗaya ya sauko da ita daga shafin Microsoft na ainihi ya zuba a filash mai gigabait 8, abokai goma su amfana.

Na ce shafin ainihi da gangan. Windows ɗin da ake yawo da ita an fasa mata kulle, da 'yan manhajojin da ake cewa suna kunna lasisi, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe mai gadin na'urarka, ku tambayi kanku don me wani baƙo zai yi muku wannan hidima kyauta. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a ma bukatarsu: 'yan Beljiyam da yawa suna zuwa da lasisin halal a dashe cikin jikinsu tun daga masana'anta, kuma mai Windows 10 ta halal, in na'urarsa ta cika sharaɗi, kyauta zai hau ta 11.

Bayan an ɗora, sauran rina a kaba. Kowace firinta da sikana da katin sauti suna da 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsu da babbar, wadda ake kira direba, kuma tsofaffin injuna da yawa masu su sun daina rubuta musu sabon direba. Sai ka ga mai shago da sabuwar Windows tana walƙiya, ga masu jiran katin biki sun cika benci, firinta ta yi gum. Haka tsohuwar CorelDRAW ko AutoCAD da hannu ya saba da ita tana iya ƙin tashi. Tun kafin a fara ake bincika wannan, injin da injin, manhaja da manhaja. Masu rubutu da Hausa kuma suna da tasu jarrabawar. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera haruffa na musamman masu lanƙwasa, marubuta da maɗaba'u suka yi shekaru suna aiki da irinsu. Duk rubutun da aka yi da irin waɗannan haruffa, in aka yi fomatin ba a kwafe su ba, sai a buɗe littafi a tarar wasu alamomi barkatai sun zauna a gurbin masu lanƙwasa. Ku kwafe jakar haruffa tare da takardu, sabon rubutu kuwa ku yi shi da allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, wanda haruffansa suke fita daidai a kowace na'ura da waya.

Wanda na'urarsa ba ta cika sharaɗi ba, kuma ba shi da halin sayen wata, kada ya ci bashi domin ado. Microsoft ta buɗe rangwamen shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, na ci gaba da aiko da gyaran tsaro ga Windows 10, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitinsa da asusun kamfanin. Jinkiri ne, ba warkewa ba. Hanya mai ɗorewa ita ce a koma wata babbar manhajar dabam, irin ta Linux, kamar Ubuntu, wadda ta fara fitowa a 2004 a ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ko Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kusa da abin da kuka saba. Kyauta ne, halal ne, suna tafiya da sauƙi a kan tsofaffin na'urori, kuma ana iya gwada su daga filash ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike da koyon rubuta manhaja sun wadatar, har da ƙari. Ga mai zane da CorelDRAW ba su yi ba, kada wani ya ruɗe shi. Shi wannan, in tilas ne ya zauna a kan tsohuwa saboda injinsa, sai ya raba ta da intanet ɗungurungum, ya daina barin kowane filash na kan hanya ya shige ta, ya yi harkar banki da imel a wani wurin.

Wanda kuwa ya ɗaga darajar tasa a inda take, ya sani Windows takan ajiye tsohuwar a cikin wata jaka mai suna Windows.old har kwana goma, kuma a cikin kwanakin nan yana iya komawa inda ya fito daga cikin saiti, ba tare da ya je wurin kowa ba. Za ku ga jakar ta cinye wuri mai yawa, wani aboki mai ganin ya iya zai ce a goge ta. Kada ku yarda. Ku yi amfani da kwanakin ku buga takarda a kowace firinta, ku gwada sauti da kyamara da intanet, ku buɗe tsofaffin ayyukanku, ku lura ko batir ya fara saurin ƙarewa ko na'ura tana zafi fiye da da. In wani abin da abincinku ya rataya a kansa ya ƙi aiki, ku koma tun kwana goman ba su cika ba, domin bayan sun cika Windows da kanta take share jakar, daga nan kuma babu hanyar komawa sai ta fomatin.